Kuɗin ambaliya a hannun jihohi: daga ina suke zuwa, kuma yaushe suke fita?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina kuma ɗan taɓa noman shinkafa a fadamar garinmu. Kusan kowace damina sai ruwa ya ci mu. Bayan kwana biyu jami'ai su zo su rubuta sunaye, can bayan wata biyu ko uku a kawo kwanon rufi da buhunan masara a raba. In mun yi magana a ce ana jiran gwamnatin tarayya. Shin jiha ba ta da nata kuɗin ambaliya ne? In tana da su, me ya hana a tari ruwan tun bai zo ba?

Amsa: Malam, ina yi muku jaje, Allah ya mayar da alheri. Jiha tana da nata kuɗin, kuma duk wata suke shigowa, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba. Maganar jiran Abuja tana da ƙamshin gaskiya a wasu wurare, zan kuma nuna maka inda take da shi, amma ba ta wanke jiha ba.

Bari mu fara da asusun muhalli, tunda shi ne aka fi ambata, kuma shi ne aka fi jahilta. An kafa shi a 1981 domin magance irin su ambaliya, zaizayar ƙasa, fari da kwararowar hamada. Idan kwamitin rabon arziƙin ƙasa ya zauna duk wata, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. To, a cikin kason tarayya akwai kashi 1 na muhalli, a cikin na jihohi akwai 0.72, a cikin na ƙananan hukumomi akwai 0.60. Wannan ɗan ɗigon da kake gani a bayan 26 da bayan 20, shi ne kuɗin. Ma'ana gwamnanku yana karɓar nasa, kuma a bisa ƙa'ida shugaban ƙaramar hukumarku ma yana da nasa, sai dai shekara da shekaru nasa ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Daga kason muhalli na tarayya kuma doka ta ba hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, kashi 20 cikin 100.

Kada ka ɗauka wasu maƙudan kuɗi ne da za su gina madatsar ruwa. Kashi 0.72 da za a raba wa jihohi 36 ba zai yi wannan ba. Amma ya isa a yashe magudanu, a gyara kwalbatoci, a ɗaga jinga a inda ta zaizaye, a ajiye kwale-kwale da man da zai tuƙa shi. Matsalarsa ita ce ba shi da shinge. A jihohi da dama yana faɗawa cikin babban asusun gwamnati ne tare da sauran kuɗin shiga, daga nan kuwa babu mai iya bambance naira ta muhalli da naira ta albashi. Kalmar muhalli ma faffaɗa ce, kwashe shara muhalli ne, dashen furanni a shataletale ma muhalli ne. Wani lokaci kuma abin ya wuce sakaci. Tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kotu ta ɗaure shi a 2018 saboda karkatar da sama da naira biliyan 1 na wannan asusun, kafin a yi masa afuwa a 2022.

Bayan wannan akwai kasafin kuɗin jiha na shekara, inda ake ware wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da ma'aikatun muhalli, ayyuka da ruwa nasu kason. Sashe na 123 na tsarin mulki ma ya ba majalisar dokokin jiha ikon kafa asusun ko-ta-kwana, wanda gwamna zai iya ciro kuɗi daga ciki idan bukatar gaggawa ta taso, daga baya a kai ƙwarya-ƙwaryar kasafi a mayar. Sai tallafi na musamman daga tarayya. A ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Jonathan ya fitar da naira biliyan 17.6, jihohi suka samu biliyan 13.3, aka kasa su rukuni huɗu daga masu miliyan 500 zuwa masu miliyan 250. A 2024 gwamnatin Tinubu ta amince da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Akwai gudunmawar attajirai da bankuna, akwai kuma bashin Bankin Duniya, kamar shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Ga kuma abin da kowa ya sani, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 yawan nairorin da ke shiga asusun jihohi ya ƙaru ƙwarai, ko da yake tsadar siminti da gas ta cinye wani ɓangare.

Ka ga ke nan ƙofofin suna da yawa. Abin da na fi so ka riƙe shi ne lokacin da kuɗin ke fita, domin a nan ne gizo ke saƙar.

Ambaliya a ƙasar nan ba ta zuwa ba sallama. Tun farkon shekara hukumar NiMet take fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna ita ma ta fitar da nata kafin ruwa ya sauka, har da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A 2024 ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 a matsayin masu haɗari sosai. Ana aika wa gwamnoni takardu. Mutanen bakin kogi ma ba sa bukatar takarda, sarkin ruwa da tsofaffin masunta sun san ta inda kogi ke fasowa tun zamanin kakanni. Shi kuwa aikin da ke tare ruwa duk na rani ne. Ba a yashe kogi yana cike, ba a daɓe jinga da jiƙaƙƙiyar ƙasa, tifa ba ta shiga fadama a watan Agusta. Daga Disamba zuwa Mayu ne ake da dama. Idan kuɗin ba su fita a wannan tsakanin ba, ko nawa aka rubuta a kasafi, shekarar ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma dubi yadda kuɗin gwamnati ke tafiya. An sa hannu a kasafi a Disamba ko Janairu. Rubuta adadi a kasafi izini ne kawai, ba kuɗi ba ne a hannu. Sai ma'aikata ta rubuta takardar neman amincewa, ta bi ta ofishin sakataren gwamnati, gwamna ya sa hannu, in aikin babba ne a kai majalisar zartarwa, a bi ta ofishin tantance kwangila, sannan a je layi a gaban kwamishinan kuɗi da akanta janar. A wannan layin akwai albashi, fansho, tsaro, biyan bashi, aikin hajji, takin damina. Takardar yashe magudana ba ta da mai kuka a bayanta a watan Fabrairu, rana na ƙwallewa, kogi ya zama rairayi yara na ƙwallo a ciki. Sai a ce a dakata. Ana nan ana dakatawa har marka ta sauka.

Ranar da ruwa ya shigo gari kuwa, sai komai ya juye. Takardar da ta yi wata biyar a kan tebur a sa mata hannu cikin sa'a guda, sai dai yanzu ba ta jinga ba ce, ta katifa ce da tabarma da bokiti. Jami'an SEMA su fita tantance ɓarna, wani lokaci da motar aro domin tasu ba mai. Su dawo su haɗa rahoto, a nemi kuɗi, a ba ɗan kwangila, ya sayo kaya a daidai lokacin da kowace jiha ke neman irin kayan, farashi ya hau. Shi ya sa kwanon rufin ke iso ku a kaka. Kafin nan iyali sun yi makonni a ajin firamare, an jingine bencina a bango, an raba aji da zani tsakanin gida biyu, rijiya ta haɗe da masai, amai da gudawa ya fara ɗaukar yara. Abin da aka kashe a wannan ihu bayan hari, sau da yawa ya ninka abin da gyaran zai ci.

Me ya sa ake maimaita wannan duk shekara? A ganina dalili uku ne suka haɗu, kuma ba duka ne mugunta ba. Rabon tallafi ana ganinsa, akwai kyamara, akwai buhu mai hoton gwamna, akwai maroƙi. Ambaliyar da aka hana aukuwa ba ta da hoto, ba wanda zai gode maka a kan ruwan da bai shigo ba. Na biyu, sayayyar gaggawa dokar kwangila tana sassauta mata, ba sai an tallata an yi takara ba, kuma kayan da aka raba wa jama'a cikin ruɗani da wuya mai binciken kuɗi ya ƙirga su. Na uku shi ne wanda ba a faɗa: tsarinmu yana saka wa wanda bai shirya ba. Jihar da ruwa ya fi yi wa ɓarna ita ke samun ziyarar manya da gudunmawa. Wadda ta kashe nata ta kare mutanenta ba ta samun ko sisi a kan haka. Har rabon da aka yi na biliyan 3 kai-ɗaya a 2024 ban ga hikimarsa ba, domin haɗarin Kogi ko Jigawa ko Bayelsa ba ɗaya ba ne da na jihar da ke kan tudu.

Yanzu ga inda gwamna ke da gaskiya. Manyan madatsun ruwa ba nasa ba ne. Tiga da Challawa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, Goronyo da Bakolori suna hannun ta Sakkwato da Rima, duka na tarayya. Madatsar Alau da ta fashe a ranar 10 ga Satumban 2024 ta shanye babban ɓangaren Maiduguri, tana ƙarƙashin hukumar raya yankin Tafkin Chadi ne, kuma naira biliyan 80 da aka amince a sake gina ta daga tarayya suka fito. Madatsar Lagdo kuwa tana Kamaru, tun 1982 ake sako ruwanta cikin Binuwai, madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare shi har yau ba a gina ba. Babu gwamnan da zai iya waɗannan da kason muhallinsa. Amma ko a nan akwai nasa aikin. Maiduguri ta taɓa ganin irin wannan a 1994, hanyar da kogin Ngadda ke bi a cikin gari sananniya ce. Wanda ba shi da ikon gyara madatsa yana da ikon sanin unguwannin da za a fara kwashewa, da inda za a kai su, da wanda zai buga ƙararrawa da tsakar dare.

Kuma akwai abin da yake nasa ne shi kaɗai, wato ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Takardar fili daga ofishinsa take fita, izinin gini daga hukumar tsara biranensa. Duk gidan mai ko rukunin shaguna da ka gani zaune a kan hanyar ruwa, ko dai an ba shi takarda ko an kau da kai. Kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin Kano da Zariya da Katsina ba don ado ba ne, nan ruwan unguwa ke taruwa, yau an cike da yawansu da shara an yanka filaye. Hana wannan ba ya cin kuɗi, farin jini yake ci, shi ya sa ya fi wuya. Abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda sama da mutum 150 suka rasu a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ba daga madatsar Kainji ko ta Jebba ruwan ya zo ba. Ruwan sama ne mai ƙarfi ya tarar da hanyarsa a toshe. Daga baya tarayya ta yi alƙawarin naira biliyan 2, jiha biliyan 1.

Idan kana son ka ga bambancin kuɗin rani da na damina da idonka, je kwarin Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim, Taura, Miga, Auyo, ya wuce Haɗeja zuwa Kiri Kasamma da Guri. Tun da aka gina madatsun da ke sama, ruwa ya daina ƙafewa gaba ɗaya da rani, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Tana tsirowa ta fi mutum tsayi, saiwarta na kama laka, a hankali cikin kogin ya cike. Da damina ruwa ya zo bai samu hanya ba sai ya bi gonaki. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Duk wanda ya san Haɗeja ya san abin da matasan ƙungiyoyin sa-kai ke yi idan kogi ya cika: kwana a kan jinga da fitila da shebur, wasu na ɗura ƙasa a buhu, wasu na miƙawa hannu da hannu, ana jera su a inda ruwa ya fara tsatsa. Jarumta ce, amma jarumtar da rashin aikin rani ya tilasta. Matakin da gwamnatin Jigawa ta ɗauka na sayen injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa da kuma ɗaga jinga a garuruwan bakin kogi, shi ne irin kashe kuɗin da nake nufi. Sai dai injin ba ya aiki da sayensa kawai. Yana shan gas kullum, yana bukatar direba da makaniki da kayan gyara, kuma kacala tana dawowa idan aka yi shekara ba a taɓa ta ba. Wannan kuɗin na yau da kullum, wanda ba a yanka masa kirtani a buɗe, shi ne ke fara ɓacewa a kasafi.

Da za a tambaye ni gyara, ba ƙarin kuɗi zan fara nema ba. Majalisar jiha ta yi doka ta ware wa bala'o'i asusu na daban, kason muhalli ya riƙa faɗawa ciki kai tsaye, jiha ta ƙara wani kaso tsayayye daga nata. Dokar ta ce mafi yawan kuɗin na rigakafi ne, kuma dole a sake su kafin ƙarshen Maris. Ragowar a ajiye na gaggawa, a rubuta sharaɗin taɓa su tun da wuri: idan ma'aunin kogi ya kai wuri kaza, ko hasashe ya nuna ruwa zai iso cikin kwana kaza, shugaban SEMA ya fitar da kuɗin kwashe mutane ba tare da jiran gwamna ya dawo daga tafiya ba. Abin da bai ƙare ba a ƙarshen shekara kada a mayar da shi baitulmali, a bar shi ya taru, domin shekarar babban ruwa tana nan tafe. Sannan a wallafa shiga da fita duk wata uku. Dokar da ta kafa NEMA a 1999 ta tanadi kwamitin agaji a kowace jiha ƙarƙashin mataimakin gwamna, amma kwamiti ko hukumar da ba ta da asusun kanta, ofis ne kawai na rubuta wasiƙa. A matakin ƙaramar hukuma kuwa, inda ya kamata a samu masu kai ɗaukin farko, galibi sunan ne kawai a takarda.

Shi kansa tallafin akwai gyara a cikinsa. Manomi irinka da ruwa ya cinye wa shinkafa tana gab da fitar da kai, buhun masara zai riƙe shi makonni ne kawai. Abin da zai tashe shi shi ne iri mai saurin nuna, taki, da injin ban-ruwa su iso shi a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ruwa ya janye ya bar laka mai albarka, ya yi noman rani ya mayar da hasara. Inda kasuwa ke ci, ba mutum kuɗi a hannu ko ta asusunsa ya fi sauri, ya fi araha, kuma ya fi sauƙin bincike fiye da jigilar katifu. Rubuta sunaye ma bai kamata ya jira ruwa ba. Mai unguwa, liman, shugabar mata da malamin makaranta za su iya haɗa rajistar gidajen da ke bakin ruwa tun da rani, a karanta ta a bainar jama'a. Sunayen da aka rubuta cikin gaggawa su ne ake cusa wa 'yan uwa da 'yan jam'iyya. Akwai kuma inshorar noma ta hukumar NAIC, wadda aka tsara gwamnatin tarayya da ta jiha su ɗauke wa manomi rabin kuɗin rajista. Ƙananan manoma kaɗan ne ke ciki, wasu don rashin sani, wasu don shakkar halaccinta, alhali yanzu akwai tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, da za a iya bi.

Kai kuma da kake da ilimin karanta takarda, akwai abin da za ka iya. Jihohi yanzu suna sanya kasafinsu a intanet, tare da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku. Ka nemi layin SEMA da na ma'aikatar muhalli, musamman wurin da aka rubuta magance ambaliya da zaizayar ƙasa. Kada adadin da aka ware ya ruɗe ka, ka duba ginshiƙin da ke gefensa, na abin da aka saki a zahiri, kuma ka fi mayar da hankali kan rahoton Janairu zuwa Maris da na Afrilu zuwa Yuni. Idan nan ka ga sifili ko abin da bai taka kara ya karya ba, ka samu amsar tambayarka ta biyu a rubuce, da hatimin gwamnati.

Daga nan ku haɗu da dagaci da ƙungiyar manomanku ku rubuta abu takamaimai. Kada ku ce a magance mana ambaliya, wannan ba ya shiga kasafi. Ku ce jinga daga wuri kaza zuwa wuri kaza, tsawonta kaza, kwalbati a mashigar kaza, yashe rafin da ya toshe a bayan makaranta. Ku haɗa da hotunan bana da adadin gonakin da suka nutse. Ku kai wa ɗan majalisar jiharku da shugaban ƙaramar hukuma tun a Satumba ko Oktoba, lokacin da ma'aikatu ke haɗa ƙiyasinsu, ku kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi idan an kira. In aikin ya shiga, ku rubuta lambar layinsa ku ajiye, a Janairu ku koma ku tambayi ranar da za a saki kuɗin, a Fabrairu ku sake komawa.